Kwale-kwalen MAS na Italiya: sa'a ce ta kifar da Szent István ko iya aiki?

Ɗan_Kurmi:
Salamu alaikum 'yan zaure. Akwai wani tsohon bidiyo da ke yawo, na katafaren jirgin yaƙi yana kifewa a teku, mutane suna gudu a gadon bayansa suna faɗawa ruwa. An rubuta cewa Szent István ne na daular Ostiriya da Hangari, wai kwale-kwalen katako na Italiya mai mutum 8 ne ya halaka shi a 1918. Ni dai a ganina sa'a ce tsagwaronta. Jirgi mai tan 20,000, da manyan bindigogi 12, ga 'yan rakiya kewaye da shi. Masana ku warware mana, me waɗannan MAS, ƙananan kwale-kwale masu inji da ke harba topido (bam mai tafiya da kansa a cikin ruwa), suke taƙama da shi? In kuma ba sa'a ba ce, me ya hana su maimaitawa?

MalamTarihi_Zazzau:
Wa alaikumus salam. Bidiyon sahihi ne, daga kan ɗan'uwansa jirgin yaƙi Tegetthoff aka ɗauke shi ranar 10 ga Yuni 1918, kusa da tsibirin Premuda a tekun Adiriyatik.

Admiral Horthy, kwamandan jiragen yaƙin Ostiriya da Hangari, shi ne ya shirya farmaki kan shingen da abokan gaba suka kafa a mashigin Otranto. Szent István da Tegetthoff suka baro tashar Pola daren 9 ga wata, da rakiyar distiroya 1, wato jirgin yaƙi mai sauri da ke raka manya, da ƙananan jiragen topido 6. Tun daga bakin ƙofa aka fara samun tangarɗa, domin ba a buɗe shingen tashar a kan lokaci ba, suka makara. Da suka taka wuta don cike giɓin, injin Szent István ya ɗau zafi, dole aka sassauta, ga baƙin hayaƙi yana ta turnuƙewa. MAS 15 na Luigi Rizzo da MAS 21 na Giuseppe Aonzo daga Ancona aka turo su sintiri da duba nakiyoyi. Sun gama, sun juya za su koma, sai Rizzo ya hango hayaƙin wajen ƙarfe 3 da 'yan mintuna.

Abin lura shi ne bai danna wuta ba. A hankali ya tunkare su don kada goshin kwale-kwalen ya tayar da farin kumfa, ya ratsa tsakanin 'yan rakiyar, ya matso tazarar 'yan ɗaruruwan mita, sannan ya saki topido 2 masu faɗin milimita 450. Duka biyun suka samu jirgin ta dama, daidai ɗakunan tukwanen tururi. Aonzo ya harbi Tegetthoff bai same shi ba. Da wani jirgin rakiya ya biyo Rizzo, sai ya jefa masa bam ɗin zurfi, mai fashewa a ƙarƙashin ruwa, a gabansa, ya kauce. Jim kaɗan bayan ƙarfe 6 na safe Szent István ya kife, mutum 89 suka mutu, Horthy ya soke farmakin gaba ɗaya. Har yau ranar 10 ga Yuni ce ranar bikin sojan ruwan Italiya, MAS 15 kuma yana ajiye a ginin Vittoriano a birnin Rum.

BabanIlham:
To Malam, ai bayaninka ya ƙara ƙarfafa maganar Ɗan_Kurmi. Da an buɗe shinge da wuri, da sun wuce Premuda tun Rizzo yana wani wajen. Da injin bai yi zafi ba, haka. Sa'a ta fi sammako.

Injiniya_Maraɗi:
BabanIlham, haɗuwar ce sa'a. Harbin kam lissafi ne, bari in nuna maka. Ma'aunin gudun teku, wato not, ɗaya yana daidai da kilomita 1.85 a awa, kusan rabin mita a daƙiƙa. A ce jirgin yana tafiyar not 14, mita 7 ke nan a daƙiƙa. A ce topido yana not 30, mita 15 a daƙiƙa. In ka harba daga mita 600, topido zai yi daƙiƙa 40 a hanya, kafin nan jirgin ya ci gaba mita 280. Tsawon Szent István kuwa mita 152 ne. Wato in ka saita hancinka a kan jirgin, topidon zai wuce ta bayansa da nisa. Dole ka harbi ruwan da ke gabansa, inda zai iso.

Matsalar ita ce gudun nasa da ido kake ƙiyasta shi, cikin duhu, daga kumfar goshinsa. In ka kauce da not 4 kacal, a daƙiƙa 40 ka kauce da mita 80, ka riga ka fita daga rabin tsawon jirgin. In kuwa ka matso mita 300, kuskuren ya koma mita 40, kana ciki. Maganin rashin na'ura shi ne kusanci, kusanci kuma ba ya samuwa sai da tafiyar sanɗa. Mutum biyu ne suka samu dama iri ɗaya a daren, ɗaya ya samu, ɗaya ya rasa.

Ɗan_Kurmi:
Injiniya, to gudun da ake ta yabon MAS da shi fa, ina amfaninsa?

Injiniya_Maraɗi:
Na tserewa ne bayan harbi, da na isa wurin kwanto a dawo kafin gari ya waye. Na yaƙin duniya na farko ma ba wani gudu gare su ba, not 20 da ɗoriya ne, distiroya mai lafiya zai kamo su a fili.

MalamaHauwa_BUK:
Ina so in gyara wani abu a tambayar farko, inda aka ce ba su maimaita ba. Premuda ce ma maimaicin. Daren 9 zuwa 10 ga Disamba 1917 wannan Rizzo ɗin ya shiga har cikin tashar Trieste da MAS 9, MAS 13 yana biye da shi. Manyan jirage ne suka jawo su da igiya daga Venice don a tanadi mai, aka kwance su nesa da gaɓa. Daga nan suka kashe injin fetur suka koma kan motar lantarki mai batir, wadda ba ta da ƙara. A bakin tashar akwai igiyoyin ƙarfe da aka gitta, suka zauna suna datse su ɗaya bayan ɗaya da almakashin haidirolik, masu gadi suna kusa. Da suka shiga, Rizzo ya harbi tsohon jirgin yaƙi Wien, ya nutse cikin 'yan mintuna. MAS 13 ya harbi Budapest bai same shi ba. Wannan babu wata haɗuwar ba-zata a ciki, shiri ne da aka yi da leƙen asiri tun kafin ranar.

Sarkin_Musu:
Malama, a faɗi na nasara a faɗi na kunya. Fabrairu 1918, MAS 94 da 95 da 96 a ƙarƙashin Costanzo Ciano, Rizzo yana ciki, suka kutsa har lungun Buccari. Topido 6 suka saki, ragar ƙarfe da aka kewaye jiragen da ita ta tare kusan duka. Abin da suka bari shi ne kwalabe masu ɗauke da takardun tsokana. Jaridun Italiya suka mayar da shi gagarumar nasara, alhali ba jirgin da ya nutse. Yawancin fitar MAS haka take ƙarewa, a kwana a ruwa a dawo hannu rabbana.

Makaniki_SabonGari:
Ni ɓangaren Szent István ɗin nake so a duba, don topido 2 bai kamata su kashe jirgi irin wannan ba in an ƙera shi daidai. Bangon kariya na ciki ya yi kusa da fatar jirgin ƙwarai, babu isasshen fili da ƙarfin fashewar zai baje kafin ya iso bangon, sai ya ɓarke shi. Ɗakin tukwane na baya ya cika, jirgin ya karkata dama da digiri 10. Suka cika wasu ɗakunan hagu da ruwa da gangan don ya daidaita, suka juya manyan bindigogi hagu, suka zubar da harsasai a teku, karkatar ta ragu zuwa 7. Amma ruwa ya ci gaba da tsiyaya zuwa ɗakin tukwane na gaba. Tukwane suna mutuwa, tururi yana raguwa, famfunan kwashe ruwa kuma da tururin suke aiki. Ka ga an shiga da'ira, ruwa yana kashe wuta, rashin wuta yana ƙara ruwa. Tegetthoff ya yi ƙoƙarin jan sa, bai yiwu ba. Ma'aikatar da ta ƙera shi a Fiume ba ta taɓa yin jirgi mai girman haka ba kafin shi. Yanzu yana kife a zurfin mita 66.

BabanIlham:
Wata sa'ar ke nan. Ya harbi jirgin da dama can mai rauni ne.

MalamTarihi_Zazzau:
Alhaji BabanIlham, kai komai sa'a ne 😄

Gidado_Garwa:
Wannan ba su ne suka nutsar da Viribus Unitis, ɗaya ɗan'uwan Szent István, ba? Kuma su ne suka fasa jiragen Ingila a Iskandariya ko?

MalamaHauwa_BUK:
A'a Malam Gidado, nan ne ake yawan cakuɗa abubuwa. Viribus Unitis, ranar 1 ga Nuwamba 1918, mutum biyu ne, Rossetti da Paolucci, suka hau wani topido da aka gyara suka shiga Pola suka manna masa nakiya. MAS ya rako su bakin hanya ne kawai. Na Iskandariya kuma, Disamba 1941, inda aka lalata manyan jiragen yaƙi Queen Elizabeth da Valiant, aikin rundunar Decima MAS ne. Sunan ne kawai na MAS, an laƙaba mata shi don ɓad da sawu. Kayan aikinta topido ne da mutum biyu ke hawa, da ƙananan kwale-kwale cike da nakiya waɗanda direba ke saitawa ya diro ruwa kafin karo. Da irin waɗannan na biyun suka nakasa York ta Ingila, kuruza, wato matsakaicin jirgin yaƙi, a Souda ta tsibirin Kirit a Maris 1941. Kuma a sani, bayan Italiya ta ajiye makamai a Satumba 1943, ɓangaren Decima da ya bi kwamandanta Borghese ya ci gaba da yaƙi tare da Jamus, ya kuma yi ƙaurin suna wajen gallaza wa 'yan gwagwarmaya da farar hula. Kada a haɗa su da ma'aikatan MAS na sintiri.

Makaniki_SabonGari:
Mu dawo kan kwale-kwalen kansa, na yaƙin duniya na biyu, wanda ake kira jerin 500. Zanen kamfanin Baglietto ne na Varazze. Tsawo mita 17 zuwa 19, faɗi mita 4 da rabi ko ɗan fiye, nauyi tsakanin tan 20 da 30, mutane 10 da 'yan kai. Inji 2 na Isotta Fraschini Asso 1000, asalinsa injin jirgin sama ne, silinda 18 a layi uku, kowane yana ba da ƙarfin doki 1,000 ko sama da haka. A ruwa mai kwanciya suna haura not 40, kusan kilomita 80 a awa. Makami: topido 2 na milimita 450, bindiga mai sarrafa kanta ta Breda milimita 13.2, daga baya aka koma milimita 20, sai 'yan bama-baman zurfi. Akwai ƙananan injina na daban na tafiyar sanɗa, su suka gaji motar lantarkin da Malama ta ambata.

Abin da ke ba ma'aikata wahala fetur ne. Inji irin wannan yana cin kimanin giram 240 kowane doki a awa. Doki 2,000 ke nan kilo 480, sama da lita 600 a awa ɗaya in an danna har ƙasa. Shi ya sa ba a danna shi sai da dalili. Sannan tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya fita sama, ƙasan cikin kwale-kwalen yake kwanciya. Ɗigo kaɗan daga kafireta ko haɗin bututu, sai tartsatsi ɗaya daga sitata, an gama. Dole a buɗe a hura iska ta wanke ɗakin inji kafin a tayar. Harsashi mai wuta guda ɗaya a tanki kuwa, jikin katako ne, ba sai an faɗa ba. Ga ruwan gishiri yana cin fulogi da wayoyi, ga injin jirgin sama ba ya jure awoyi masu yawa kafin a sauke shi a buɗe. In aka ce runduna tana da MAS 8, kada ka ɗauka 8 ɗin ne za su fita daren.

Injiniya_Maraɗi:
Ƙari a kan na Makaniki: injin nan ya yi kyau har Ingila ta saye shi. Jiragen topido na farko na kamfanin Vosper na Ingila da Isotta Fraschini suke tafiya. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yuni 1940 kayan suka yanke, Ingila ta yi ta fama har injin Packard na Amurka ya iso.

Amma babban aibin jerin 500 ba inji ba ne, gindin kwale-kwalen ne. An yi masa matakala biyu a ƙasa. In ya ɗau gudu sai ya taso ya riƙa sulɓi a saman ruwa, iska tana shiga bayan kowace matakala, wurin da ke taɓa ruwa ya ragu, gudu ya ƙaru. Wannan a ruwa mai laushi ke nan. Da igiyar ruwa ta tashi, sai ya zama kamar babur a hanyar gargada, yana tsalle yana dukan ruwa da faffaɗan ciki. Haƙarƙarin katako yana tsagewa, ƙusoshi suna saki, farfela tana fitowa iska inji ya yi ihu ba kaya, mai bindiga ba ya iya saiti, mutane suna karyewa a gwiwa da baya. Dole a sauko da gudu, da ka sauko kuma ya daina sulɓi, ya koma kwale-kwale mai nauyi da ba ya jin akala sosai. Adiriyatik ta arewa matsattsiya ce, ga tsibirai, an yi tafiyar dare ɗaya an dawo. Mashigin Sisili wani abu ne daban.

Tarihi_Damagaram:
Italiyawa da kansu sun yarda da wannan. A Afrilu 1941 da Yugoslabiya ta faɗi, sun kama jiragen topido 6 ƙirar kamfanin Lürssen na Jamus a Kotor. Da suka gwada su a ruwa mai hargitsi suka ga bambanci, sai suka ba ma'aikatar CRDA ta Monfalcone ta kwaikwaya. Shi ne aka samu MS: mita 28, tan 60 da ɗoriya, gindi mai zagaye mai yanka ruwa maimakon sulɓi, inji 3, gudu not 32 zuwa 33, topido manya na milimita 533. Guda 36 aka ƙera. Sun sadaukar da not 10 don su iya fita a daren da MAS ke ɗaure a tasha. Abu ɗaya da suka kasa kwaikwaya shi ne injin dizal mara nauyi irin na Daimler-Benz da Jamusawa ke sa wa nasu, don haka MS ma fetur yake sha.

Sarkin_Musu:
Madalla. Wato babbar nasarar yaƙi na biyu ma ba ta MAS ba ce, ta zanen Jamus ce.

Tarihi_Damagaram:
Ta fuskar halaka kuruza Manchester ta Ingila, haka ne. Agusta 1942, ayarin Ingila mai suna Pedestal, jiragen kaya 14 za su Malta. Da yammacin 12 ga wata jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya, Axum, ya harbi jirage 3 a saki ɗaya: tankar mai Ohio, kuruza Cairo, da wata kuruza mai suna Nigeria. Cairo da Nigeria su ne masu na'urar jagorantar jiragen sama, ayarin ya watse. Cikin dare suka zo zagaye Cap Bon na Tunisiya, inda nakiyoyi suka tilasta musu bin siririyar hanya a jikin gaɓa. Nan ƙananan jiragen suka kwanta, inji a kashe ko a ƙasa-ƙasa, duhun tudu yana bayansu. Bayan ƙarfe 1 na dare MS 16 da MS 22 suka harbi kuruza Manchester kusa da Kelibia. Topido ya shiga ɗakin inji na baya, sandunan farfela 3 cikin 4 suka daina aiki. Kyaftin Drew ya ba da umarni a nutsar da shi, abin da ya kai shi gaban kotun soja daga baya. Shi ne jirgin yaƙi mafi girma da irin waɗannan ƙananan jirage suka halaka a yaƙin.

Amma Sarkin_Musu, a wannan daren MAS na jerin 500 suna wurin tare da na Jamus, kuma jiragen kaya 4 suka tafi: Glenorchy, Wairangi, Almeria Lykes da Santa Elisa. Jirage 5 kacal suka isa Malta. Ruwa ya kwanta daren, hanya matsattsiya, 'yan rakiya a warwatse. Duk sharuɗɗan Premuda ne suka sake haɗuwa.

Ummu_Khalil:
Tambaya daga gefe. Yaya ake sakin topido daga abu ƙarami haka, ba ya kifar da shi?

Makaniki_SabonGari:
Hajiya, ba bututu irin na jirgin ƙarƙashin ruwa ba ne. A na yaƙin farko, topido yana rataye a gefe cikin wasu maƙatai kamar awartaki, a ja hannu su buɗe ya faɗa ruwa. A jerin 500 akwai abin da ke tura shi gefe ya nisanci jiki. Duka biyun hancin kwale-kwalen shi ne saitin, inda ka fuskanta nan zai tafi. In ka saki ɗaya, gefen ya yi sauƙi, sai mai tuƙi ya tare karkatar. Turawan Ingila a nasu na yaƙin farko ta baya suke zame shi, wutsiya gaba, sannan su yi maza su kauce masa daga hanya.

Cikin topidon akwai tankin iska mai matsi sosai, ana ƙona kananzir da ita don ƙarin ƙarfi, ƙaramin inji yana juya farfela biyu saɓanin juna don kada ya riƙa mirginawa. Jairo, wani faifai mai juyawa da sauri, shi ne ke riƙe masa hanya. Zurfi kuma ma'aunin nauyin ruwa ne da wani ƙarfe mai lilo suke daidaita shi. A hancinsa akwai 'yar farfela da sai ta warware bayan ya yi tafiya kafin kunamar ta ɗana. Wuraren lalacewa: iska ta zube a hanya saboda dukan igiyar ruwa, jairo ya maƙale topido ya yi ta kewaya, ka matso fiye da kima ya daki jirgi bai ɗana ba, ko ya daki jiki a karkace ya zame. Kuma da ya faɗa ruwa yakan nutsa ƙasa da zurfin da aka saita masa kafin ya taso ya daidaita. A ruwa mara zurfi sai ya caki laka.

MalamTarihi_Zazzau:
Wannan na ƙarshe shi ya dame su a tafkin Ladoga. A 1942 an kai MAS 526 zuwa 529 can don su tare hanyar da ake kai wa Leningrad abinci. Jiragen Sobiyat na tafkin ba sa nutsewa da zurfi, topido yana bi ta ƙarƙashinsu. Ga daren bazara a can kusan babu duhu, wanda shi ne jarin MAS. Kafin dare ya yi tsawo kuma ƙanƙara ta kusa. A 1943 aka bar wa Finlan su.

Bahar Aswad ta fi musu kyau. Turkiyya ta rufe mashiginta ga jiragen masu yaƙi bisa yarjejeniyar Montreux ta 1936, don haka a kan tireloli aka ɗora su daga La Spezia, aka haura tsaunuka ta Brenner zuwa Vienna, aka sauke su a kogin Danube har teku. Francesco Mimbelli ne kwamanda, suna zaune a Yalta da Feodosiya. MAS 571 ya nutsar da jirgin ƙarƙashin ruwa na Sobiyat Shch-214 a Yuni 1942. A farkon Agusta kuma topido ya guntule wa kuruza Molotov ta Sobiyat kusan mita 20 na baya. Italiyawa suna cewa MAS 568 ne, wasu kuma suna ba jirgin saman Jamus, don harin tare aka kai.

Adamu_Fort_Sudan:
Kada a manta da namu yankin. Farkon Afrilu 1941, Massawa tana gab da faɗuwa, MAS 213, tsoho tun ƙarshen yaƙin farko, ya fita ya harbi kuruza Capetown ta Ingila. Ba ta nutse ba, amma sai da jirgin Ostireliya Parramatta ya jawo ta zuwa Fort Sudan, daga nan aka kai ta Bombay gyara. Tsohon kwale-kwale da ya rasa rabin ƙarfinsa ne ya yi wannan, abin da ke goyon bayan maganar Injiniya cewa ba gudu ne ke harbi ba.

Gidado_Garwa:
A nan ne sojojin Najeriya suka yi yaƙi ko?

Tarihi_Damagaram:
Yaƙin ɗaya ne, fagen daban. Birged ta 23 ta Najeriya ta kudu ta bi, ta shiga Mogadishu a Fabrairu 1941, ta haura Harar a Habasha. Eritiriya ta arewa sojojin Indiya ne da na Sudan da na Faransa masu bin De Gaulle, cikinsu har da bataliya daga Chadi.

Sarkin_Musu:
Har yanzu ba wanda ya ambaci abin da ya kashe kasuwar gaba ɗaya. Malta, 26 ga Yuli 1941. Na'urar rada ta ga jirgin da ya kawo maharan Decima tun suna nesa, masu bindigogin sansanin St Elmo na bakin tashar suka zauna shiru suna jira. Da aka kunna fitilu, cikin 'yan mintuna aka share ƙananan kwale-kwalen nakiyar. Da gari ya waye jiragen saman Hurricane na Ingila suka cim ma MAS 451 da 452 a hanyar komawa, kwamandan rundunar Moccagatta ya mutu a nan. Sanɗa tana aiki ne in abokin gaba da ido da kunne yake nemanka.

MalamaHauwa_BUK:
Gaskiya ne, amma kwana biyu kafin wannan, 24 ga Yuli, MAS suka harbi jirgin kaya Sydney Star kusa da Pantelleria, da ƙyar ya kai Malta. Pedestal kuma shekara guda bayan haka ne, jiragen Ingila suna da rada a lokacin. Radar wancan zamani tana shan wahala wajen rarrabe ƙaramin abu na katako da ke kwance a jikin gaɓa, saboda tudun da ke bayansa yana cika allon. Sai daga 1943 ne abin ya yi musu tsanani sosai.

Ɗan_Kurmi:
Na gode ƙwarai. Amma in na tattara, MAS yana buƙatar duhu, ruwa kwance, matsattsiyar hanya, da 'yan rakiya da suka yi sake. In abu huɗu sai sun haɗu kafin ka ci, ni har yanzu ban ga me ya raba shi da sa'a ba.

Injiniya_Maraɗi:
Uku daga cikin huɗun ana zaɓarsu. Duhu yana cikin kalandar wata, yanayin ruwa ana duba shi, matsattsiyar hanya kuma a Cap Bon su suka ƙirƙire ta da nakiyoyi. Sannan ka duba kuɗin. In ka rasa MAS ka rasa katako tan 25 da mutum 10 ko 12, wata 'yar ma'aikatar kwale-kwale za ta yi maka wani cikin watanni. Szent István shekaru aka yi ana gininsa, da mutum sama da 1,000 a ciki. Mai MAS zai iya fita sau da yawa a banza ya ci sau ɗaya, lissafinsa bai faɗi ba.

BabanIlham:
Wannan lissafin ofis ne Injiniya. Waɗanda ke zaune a kan lita dubbai na fetur ba haka suke ganinsa ba. Kuma ai Yukren ta cire mutanen gaba ɗaya yanzu, kwale-kwale mara matuƙi take turawa a wannan Bahar Aswad ɗin.

Makaniki_SabonGari:
Waɗancan jikokin kwale-kwalen nakiya ne na Souda da Malta, ba na MAS ba, tunda su kansu ne makamin, ba sa dawowa. Malam Tarihi_Damagaram, a kan Manchester, topido ɗaya ne ya same shi alhali jirage biyu suka harba. An tantance na MS 16 ne ko na MS 22?

Tarihi_Damagaram:
Su biyun ake rubuta wa tare. Harbin nasu kusa da juna yake, cikin duhu, kowane kuma ya juya ya danna wuta da sakin nasa.